Me karatu daga gida ya yi wa yara a lokacin annobar korona?

Wata uwa ta rubuto tana cewa ɗanta yana aji ɗaya na firamare lokacin da aka rufe makarantu saboda korona, ya shafe watanni yana bin darasi ta wayar hannu, kuma har yau karatunsa da lissafinsa ba su kai yadda na yayyensa suke ba a lokacin da suke shekarunsa. Tana so ta sani ko karatu daga nesa ne ya jawo haka, wace illa aka tabbatar ya yi wa yara, kuma ko abin yana gyaruwa.

Malama, abin da kika lura da shi a wajen ɗanki ya yi daidai da abin da aka auna a ƙasashe da dama, kuma yaran da annobar ta riska a ajin farko ko na biyu suna cikin waɗanda na fi damuwa da su, domin a waɗannan azuzuwan ne ake koyon haɗa baƙi da ƙirga. Karatu daga gida ya bar tabo, wannan babu shakka a cikinsa. Sai dai ba waya ko kwamfuta ce ta yi ɓarnar ita kaɗai ba. Abin da ya faru shi ne an ɗauke aikin makaranta dungurungum an ɗora wa gida, saboda haka kowane yaro ya samu ilimi ne gwargwadon abin da gidansu yake da shi na lokaci, da natsuwa, da kayan aiki, da kuma babban mutum da zai zauna kusa da shi ya ga inda ya kakare.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya ranar 11 ga Maris 2020, kuma a watan Afrilu na wannan shekarar UNESCO ta ƙiyasta cewa rufe makarantu ya shafi ɗalibai kusan biliyan 1.6 a ƙasashe fiye da 190. Tsawon rufewar ya bambanta ƙwarai. Wasu ƙasashen Turai sun mayar da ƙananan yara aji bayan 'yan makonni, alhali Yuganda ba ta buɗe makarantunta gaba ɗaya ba sai a watan Janairu 2022, bayan kusan shekara biyu. Irin karatun da aka yi a gida ma ba ɗaya ba ne. Akwai yaron da yake da ɗakinsa da kwamfutarsa, malaminsa yana koya masa kai tsaye ta Zoom. Akwai wanda sai mahaifinsa ya dawo da dare yake samun wayar da aka turo aikin gida a cikinta ta WhatsApp, akwai mai sauraron darasi a rediyo ko talabijin, akwai kuma wanda babu abin da ya iso gare shi. A watan Agusta 2020 UNICEF ta bayyana cewa aƙalla yara miliyan 463, wato kusan ɗaya cikin kowane uku na 'yan makaranta a duniya, ba su da wata hanya ta bin karatu daga nesa. A Afirka kudu da Sahara kuwa, alƙaluman da UNESCO ta fitar a farkon annobar sun nuna kashi 89 cikin 100 na ɗalibai ba su da kwamfuta a gida, kashi 82 kuma ba su da intanet.

Binciken da nake ganin ya fi bayyana lamarin shi ne na ƙasar Holan, domin a can aka gwada karatu daga nesa a yanayi mafi sauƙi da za a iya samu. Kusan kowane gida yana da intanet mai ƙarfi, makarantun suna da wadata, rufewar farko kuma makonni takwas ce kacal. Ɗaliban firamare a ƙasar suna zana jarrabawa iri ɗaya sau biyu a shekara, sai ya kasance ɗaya ta faɗo gab da rufewa, ɗayar kuma bayan buɗewa, abin da ya ba masu bincike damar kwatanta ci gaban yara kusan 350,000 da na takwarorinsu na shekarun baya. Sakamakon da Per Engzell da abokan aikinsa suka wallafa a 2021 ya nuna cewa yaran sun yi asarar kwatankwacin kashi ɗaya cikin biyar na karatun shekara, wanda kusan shi ne daidai tsawon lokacin da makarantun suka yi a rufe. Wato a waɗannan makonnin, duk da darussan da aka yi ta intanet, yaran ba su ƙaru da wani abin kirki ba. 'Ya'yan iyayen da ba su yi zurfin karatu ba kuwa asararsu ta ɗara ta sauran da abin da ya kai kashi 60 cikin 100. Idan haka ta faru a inda komai ya wadata, to abin da ya faru a inda babu wutar lantarki tsayayya ba sai an faɗa ba.

Sauran ma'aunai duk hanya ɗaya suka nuna. Wani nazari da aka wallafa a 2023, wanda ya tattara bincike 42 daga ƙasashe 15, ya gano cewa a matsakaici yara sun rasa kusan kashi 35 cikin 100 na abin da ake koya a shekara guda, kuma giɓin ya fi faɗi a lissafi fiye da karatu. A jihar Sao Paulo ta Birazil an gano cewa 'yan sakandare sun koyi ɗan abin da ya haura kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na abin da suka saba koya a aji, haɗarin barin makaranta kuma ya ninka fiye da sau uku. A Amurka, jarrabawar ƙasa da ake yi wa 'yan shekara tara tun shekarun 1970 ta nuna faɗuwar maki bakwai a lissafi tsakanin 2020 da 2022, karo na farko ke nan da makin lissafi ya faɗi a tarihinta, kuma masu rauni ne suka fi faɗuwa. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki, yawan yara 'yan shekara goma da ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi ya tashi daga kashi 57 kafin annobar zuwa kusan kashi 70 cikin 100 a 2022. Ina so ki dubi adadin farko da kyau, domin yana nuna cewa fiye da rabin yaran waɗannan ƙasashen ba su iya karatu ba tun kafin a ji sunan korona. Annobar ta tarar da rauni ne ta ƙara masa zurfi.

Mai hankali zai iya cewa ai annoba ce ake ciki, iyaye sun rasa aiki, an yi rashe-rashe, kowa yana cikin tsoro, don haka ko da makarantu suna buɗe yara ba za su koyi karatu yadda suka saba ba. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma dole a yi mata adalci. Jarrabawar PISA ta 2022, wadda ake yi wa 'yan shekara 15 a ƙasashe daban-daban, ta nuna faɗuwar kusan maki 15 a lissafi da 10 a karatu a ƙasashen OECD, ƙungiyar da galibin mambobinta ƙasashe ne masu arziki, amma ita kanta ƙungiyar ta ce a wasu ƙasashen makin ya fara sauka tun kafin annobar. Duk da haka akwai hanyar rarrabewa. Suwidin ba ta rufe makarantun firamare ba, kuma binciken da aka yi a kan karatun ƙananan yaranta bai gano koma baya ba, alhali ita ma cutar ta kashe mata mutane da yawa. A Amurka, inda wasu gundumomi suka koma aji da wuri wasu kuma suka kusa cinye shekarar karatu ta 2020 zuwa 2021 a gida, an ga cewa inda aka daɗe ana karatu daga nesa ne aka fi yin asara, musamman a makarantun unguwannin talakawa. Saboda haka rashin zuwa aji shi kansa yana da nasa kason mai girma.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa tsayawa gaban ƙananan yara yana koyarwa. Rabin aikin malami ba magana ba ne, kallo ne. Yana ganin yaron da ya riƙe fensir ba daidai ba, da wanda yake motsa baki tare da jama'a alhali idonsa ba ya kan harafin da ake karantawa, da wadda ta rubuta 12 a matsayin 21, da wanda ya yi shiru domin ya ɓace tun layi na biyu. Yana gyara kuskuren nan take, kafin ya zauna a kan yaron ya zame masa ɗabi'a. Ta allon waya wannan idon ya kusa makancewa. Malami yana ganin ƙananan fuskoki, idan ma an kunna kyamara, ba ya ganin littafin rubutu, aikin gida kuma yana dawo masa ne bayan kwanaki, wani lokacin da hannun yaya ko uwa a ciki. A rediyo da talabijin kuwa babu gyara sam, darasi yana tafiya ne ko yaro ya gane ko bai gane ba.

Ga ɗan aji ɗaya irin naki, abin ya fi tsanani. Koyon karatu yana buƙatar yaro ya ji sautin harafi sarai, ya ga bakin mai faɗa, ya maimaita, a gyara masa, ya sake, sau da yawa a kowace rana, har haɗa baƙi da wasali ya zame masa abin da ba ya tsayawa tunani a kansa. Yaro ɗan shekara shida kuma bai kai matakin da zai riƙe hankalinsa da kansa na tsawon lokaci ba. A aji, tsarin wurin ne yake riƙe masa shi: lokacin shiga, wurin zama, muryar malami, da ganin sa'o'insa suna yin abu ɗaya. A gida kuwa na'urar da ake so ya yi karatu da ita ita ce dai wadda wasanni da bidiyo suke ciki. Wani bincike a Jamus ya gano cewa lokacin da yara suke ɓatawa a kan karatu ya ragu daga sa'o'i 7.4 a rana zuwa kusan rabin haka a rufewar farko, kuma masu raunin karatu ne suka fi maye gurbin lokacin da kallo da wasannin kwamfuta. Lissafi ya fi karatu shan wuya ne saboda a gidaje da yawa yaro yana cin karo da rubutu da labari ko ba makaranta, amma ba kasafai ake samun gidan da ake zaunar da yaro a koya masa rabawa ko ɓangarorin lamba ba.

A nan ne bambancin gidaje ya fito fili. Uwar da take aiki daga gida, ta kuma yi karatu, tana iya zama malama ta biyu. Wadda dole ta fita neman abin da za a ci, ko take da yara huɗu da waya ɗaya, ko ba ta jin harshen da ake koyarwa da shi, ba ta da wannan halin, komai son da take yi wa 'ya'yanta. Ina faɗin haka ne domin na san iyaye mata da yawa suna zargin kansu, kuma a ganina zargin bai dace ba. An ba su aikin da mutane suke shafe shekaru suna koyon yadda ake yin sa, ba tare da horo ba, a tsakiyar tashin hankali. Yara masu buƙata ta musamman, kamar kurame da makafi da masu jinkirin magana, su ne aka fi bari a baya, domin taimakon da suke samu a makaranta yawanci na hannu da hannu ne, ba ya bin waya.

Tambayar da ta fi muhimmanci a cikin wasiƙarki ita ce me ya sa giɓin yake nan har yanzu, bayan shekaru. Amsar tana cikin wani bincike da ba na korona ba ne. Bayan girgizar ƙasar da aka yi a arewacin Pakistan a 2005, makarantun yankin sun yi kimanin makonni 14 a rufe. Shekara huɗu bayan haka, masu bincike suka tarar yaran da suke kusa da inda abin ya faru suna bayan sa'o'insu da kwatankwacin karatun shekara ɗaya da rabi, duk da cewa sun koma makaranta. Rufewar wata uku ta haifi giɓin da ya ninka ta sau da yawa. Bayanin da ya fi gamsarwa shi ne yaran sun dawo aji suna baya, malamai kuma suka ci gaba daga inda manhajar karatu ta ce a ci gaba, don haka kowace shekara yaron yana fahimtar ƙasa da abin da ake koyarwa. Ilimin firamare kamar gini yake, idan layin tubalin farko ya karkace, duk abin da aka ɗora a kansa sai ya bi karkatar. Yaron da bai ƙware a haɗa baƙi ba zai kai aji huɗu yana kashe duk ƙarfinsa wajen furta kalmomi, bai bar komai na fahimtar ma'ana ba, daga nan sai raunin ya bazu zuwa kimiyya da tarihi da tambayoyin lissafi masu zuwa da labari. Ƙasashe da yawa sun ciyar da yara aji na gaba bayan korona ba tare da an tsaya an ga abin da suka rasa ba. Wannan, a nawa hukuncin, kuskure ne da ya fi rufewar farko muni, domin rufewar an yi ta ne cikin ruɗani lokacin da ba a san halin cutar ba, shi kuwa wannan an yi shi ne ido buɗe.

Makaranta kuma ba wurin darasi kaɗai ba ce. Hukumar Abinci ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara kusan miliyan 370 sun rasa abincin makaranta a watan Afrilu 2020, kuma ga da yawa daga cikinsu shi ne abinci mafi inganci da suke samu a yini. Makaranta ce wurin da wani babba wanda ba ɗan gida ba yake ganin yaro kullum, ya lura da rauni a jikinsa ko sauyi a halinsa. A wuraren da ake ajiye irin wannan ƙididdiga, rahotannin cin zarafin yara sun ragu a watannin rufewa, ba don an daina ba, sai don malaman da suka saba kai rahoton ba sa ganin yaran. An riga an ga irin wannan a Saliyo lokacin annobar Ebola ta 2014 zuwa 2015, inda makarantu suka yi kimanin wata tara a rufe, ɗaukar ciki a tsakanin 'yan mata ya ƙaru, da yawa kuma ba su sake komawa aji ba. Yaron da ya fara aikin kuɗi a lokacin hutun dole, ko yarinyar da aka aurar, ba sa cikin alƙaluman jarrabawa, domin ba su zauna jarrabawar ba.

Game da lafiyar tunani, wani nazari da aka wallafa a 2021, wanda ya haɗa bincike 29 a kan yara da matasa fiye da 80,000, ya gano cewa kusan ɗaya cikin huɗu yana nuna alamun ciwon damuwa mai tsanani, ɗaya cikin biyar kuma alamun fargaba, wato kusan ninkin abin da aka sani kafin annobar. Ba duka za a jingina wa karatu daga gida ba, tun da kulle da tsoro da rashi duk suna ciki, amma rabuwa da abokai da rushewar tsarin yini suna da hannu sosai, kuma 'yan mata masu tasowa sun fi nuna alamun. Ƙananan yara kuwa sun rasa wani darasi da ba a rubuta shi a manhaja ba, wato jiran layi, raba kayan wasa, yin faɗa da shiryawa, da sauraron babban da ba mahaifi ba. Malaman ƙananan azuzuwa a ƙasashe da dama sun koka da cewa yaran da suka dawo musu ba su iya zama wuri ɗaya ba, wasu kuma maganarsu ta yi jinkiri.

Jiki ma ya ji a jikinsa. A garin Feicheng na ƙasar Sin, inda ake gwada idon 'yan makaranta duk shekara, an gano cewa a 2020 kashi 21.5 cikin 100 na 'yan shekara shida suna da matsalar rashin ganin abin da ke nesa sarai, alhali a shekarun baya adadin bai taɓa wuce kashi 5.7 ba. Zama a ɗaki, ƙura wa abu na kusa ido, da ƙarancin hasken rana ne ake dangantawa da haka. A Amurka, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta bi bayanan yara da matasa fiye da 400,000 ta tarar saurin ƙaruwar ƙibarsu ya kusa ninkawa a watannin annobar. Akwai kuma wata illa da ta daɗe fiye da yadda aka zata, wato fashin makaranta. A Ingila yawan ɗaliban da ke yawan fashi ya tashi daga kusan kashi 11 cikin 100 kafin annobar zuwa fiye da kashi 22 a shekarar karatu ta 2021 zuwa 2022, kuma an ga makamancin haka a Amurka. Zuwa makaranta kullum ɗabi'a ce, da ta karye kuma ɗora ta ya yi wuya, ga yara da iyayensu duka.

Ba kowane yaro ne ya cutu ba. Wasu da ake tsangwama a makaranta sun samu sauƙi, wasu manyan ɗalibai masu iya tsara kansu sun ji daɗin tafiya da nasu saurin, iyaye da yawa kuma sun ga abin da ake koya wa 'ya'yansu a karon farko. Amma waɗannan tsiraru ne, kuma ko su an biya wani farashi a ɓoye: a 2022 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta binciki manhajojin waya da shafukan intanet na karatu guda 164 da gwamnatocin ƙasashe 49 suka amince da su, ta gano kashi 89 cikin 100 suna iya bibiyar yara ko tattara bayanansu, yawanci ba da sanin iyaye ba.

Abin yana gyaruwa, kuma akwai shaida a kan haka. A jihar Tamil Nadu ta Indiya, inda makarantu suka yi kusan wata 18 a rufe, wani bincike a kan dubban yaran karkara ya nuna an cike kusan kashi biyu cikin uku na giɓin a cikin wata shida da buɗewa, kuma wani ɓangare na nasarar ya fito ne daga darussan yamma da gwamnatin jihar ta shirya, waɗanda 'yan sa kai suke koyarwa a ƙananan rukuni cikin unguwanni. A Botsuwana an gwada wani abu tun makarantu suna rufe: ana tura wa gida 'yan tambayoyin lissafi ta saƙon waya duk mako, wasu gidajen kuma ana ƙara musu da kiran waya na kimanin minti 20 inda mai koyarwa yake bin tambayoyin tare da yaron. Saƙon shi kaɗai bai yi wani tasiri ba, amma saƙo da kira sun ɗaga iya lissafin yaran. Waya ce mafi arha, babu intanet, babu bidiyo. Abin da ya yi aiki shi ne mutum yana sauraron yaro guda, yana jin inda ya yi kuskure. Wannan ne kuma tushen hanyar da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta daɗe tana bi, inda ake karkasa yara bisa abin da suka iya, ba bisa ajinsu ko shekarunsu ba, a fara koyarwa daga nan.

Don haka abin da nake ba ki shawara shi ne ki fara da gano ainihin inda ɗanki ya tsaya, ba inda ajinsa ya kai ba. Ki ba shi littafin da ya yi ƙasa da ajinsa da mataki biyu ko uku ya karanta miki a bayyane, ki saurara. Idan yana tsayawa a kan kalmomi yana kintace daga harafin farko, matsalar tana wajen haɗa sauti, kuma can za a koma komai girmansa. Idan yana karantawa sarai amma ba ya iya faɗa miki abin da ya karanta, to fahimta da yawan kalmomi ne za a yi wa aiki, ta hanyar karatu tare da tattauna labarin. A lissafi ki gwada shi a kan matsayin lamba, da debewa mai aro, da jadawalin sau, da rabawa, ɗaya bayan ɗaya, domin sau da yawa rami ɗaya ne a can ƙasa yake hana komai tafiya. Ki kai wa malaminsa abin da kika gano, ki roƙe shi ya faɗa miki abin da shi ma yake gani, domin malami ya fi iya taimakawa idan aka zo masa da matsala takamaimai. Minti 20 zuwa 30 a kullum, a lokaci ɗaya, tare da mutum ɗaya mai haƙuri, ya fi sa'o'i uku a ƙarshen mako amfani. Idan za ki ɗauki malamin gida, ki tabbata zai koma da yaron baya ne ya cike ramin, ba ya riƙa taya shi aikin gidan ajin da yake ciki ba.

Ki kuma kiyaye yadda ake magana a kansa a gida. Yaron da ya shafe shekaru yana ganin sa'o'insa suna wuce shi yakan yanke wa kansa hukunci cewa shi daƙiƙi ne, kwatanta shi da yayyensa a gabansa kuma yana ƙara tabbatar masa da hakan, har ya daina gwadawa. Ki faɗa masa gaskiya, cewa an rufe makaranta ne a daidai lokacin da ya kamata a koya masa wasu abubuwa, kuma yanzu za a koya masa su. Ki kai shi a gwada idonsa da jinsa, ki tsare masa lokacin barci, ki bar shi ya fita wasa a waje kullum. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar aƙalla sa'a guda ta motsa jiki a rana ga yara 'yan shekara 5 zuwa 17. Idan kuma aka yi wata uku zuwa shida ana wannan aikin a kai a kai amma har yanzu haruffa suna rikice masa, ko abin da ya iya jiya ya ɓace yau, to ki nemi ƙwararre a kan matsalolin koyo ya duba shi. Akwai yaran da suke da wahalar karatu ta asali, wadda da malamin aji ɗaya ya gano ta da wuri, amma rufe makarantu ya sa ba a gan ta ba, daga baya kuma aka yi ta ɗora laifin a kan korona. Irin waɗannan yaran suna buƙatar koyarwa ta musamman mai bin sauti daki-daki, kuma suna amfana da ita ko a shekarun da ɗanki yake yanzu.